Jamusanci a Bakin Inna

Unguwar Hajj Yusuf, daren Litinin, 6 ga Yuni

Ranar Alhamis ce jarrabawar baka. Na faɗi sau ɗaya, in na sake faɗuwa gurbin karatun nan na Jamus ya tafi. Malamarmu ta ce aikina ne ya cuce ni. Na saba gyaran rubutu a jarida, sai na gama tace jimla a kaina kafin in buɗe baki, lokacin kuwa mai tambaya ya gaji da jira.

Yau bayan la'asar ina sauraron wata hira ta Jamusanci a waya, Inna tana gefe tana dafa gahawa. Sai na ji ta maimaita doguwar jimlar da wata mata ta faɗa a hirar, da hawa da saukar muryar duka. Na mayar baya na sake saurara. Kusan babu bambanci, ga shi Inna ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Na ce, "Inna, kin san me kika faɗa?"

Ta ce, "Ina zan sani? Kai ne mai littafi. Haka na koyi Larabci a gonar auduga a Jazira. Ka ji, ka faɗa, a yi maka dariya, gobe ka sake. Kai matsalarka, ɗan nan, ba ka son a yi maka dariya."

Ta sa na faɗi jimlar da ƙarfi sau biyar, sau huɗu tana dariya har da hawaye. A na biyar ta ce, "Halas, shi ke nan, yanzu mutum ne ke magana," ta miƙo min gahawa.