Ni Ba Malam Ba Ne a Wurinka

Zuwa ga Gajere,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, ido yana raguwa, sauran da sauƙi.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata da rubutun da ba naka ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da na tsaya a kai shi ne farkonta: "Zuwa ga Malam."

Shekara talatin da biyar ina Malam a aji. Malam nake a wurin mai kanti, wanda kowa Malam ne a bakinsa, har direban da ke sauke masa kaya. Likita ma da Malam yake farawa idan zai faɗi abin da ba daɗi. Marigayiya matata, Allah ya ji ƙanta, Malam take cewa, idan kuwa ta ja shi da tsawo na san na yi laifi. Kai kaɗai ka rage mai ce mini Kan-Tulu, tun ranar da hular makaranta ta ƙi shiga kaina. Idan wani abu na yi maka, ka faɗa. Idan kuma ladabi ne ya same ka da tsufa, riƙe abinka.

Naka,
Kan-Tulu

Zuwa ga 'yata, 'yar wajen Gajere,

Bayan gaisuwa, yaya aiki, yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga bayaninki. Ban san ɓarin jikinsa ya shanye ba, ban kuma san ke kike rubuta masa ba. Kin ce shi dai "Kan-Tulu" ya ce, har da "tsohon banza", amma kika kasa rubuta wa sa'an mahaifinki haka, sai kika gyara. Tarbiyya ce, Allah ya yi miki albarka. Sai dai kada ki ƙara. Tunda maganarsa kullum raguwa take yi, abin da ya samu ya fitar, ki sa shi a takarda yadda ya fito. Laifin a wuyana.

Babanki,
abokin mahaifinki

Zuwa ga Gajere,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki?

Wasiƙarka ta iso. Layi uku ne, biyu zagi. Yarinyar ta rubuta sunan da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, ta ƙara "a gafarce ni" a gefe. Sai da na matsa jikin taga na sa tabarau biyu, sannan na karanta da ƙarfi. Matar da ke yi mini shara ta leƙo ta ce, Malam, lafiya, kai da wa? Na ce mata ta ci gaba da aikinta, kirana ake yi.

Ka gaida gida.

Naka har kullum,
Kan-Tulu