Dutsen Mama da Jakunkunan Iskar Festus

Windhoek, Litinin

Zuwa ga Yayata Uendjii,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙugun naki? Ina fata kina bin maganar likita, ba kya saukowa daga gado ki ce za ki share tsakar gida. Ki gaida mini yara da duk mutanen Walvis Bay masu zuwa duba ki.

Dutsen kabarin Mama ya kammalu. Na je na gani da idona, baƙi wuluk yana sheƙi, an sassaƙa sunanta daidai, sunayenmu mu biyu a ƙasa. Kawu Kahuure ya aiko cewa an ware saniya, magini zai jira mu ran Juma'a ya kafa shi, a yaye masa mayafi da safiyar Asabar. Dangi daga Opuwo har sun fara sauka. Tunda ciwo ya hana ki zuwa, na yi alkawarin rubuto miki komai. To ga ta farko, kuma raina a ɓace nake rubuta ta.

Kin san motar da maigidana Festus ya saya da ya yi ritaya, a-kori-kura mai ƙofa huɗu, wadda ya ɗora wa ɗakin kwana a baya. Na ce a ba babbar motar da ke kai siminti Sesfontein ta tafi da dutsen. Ya ce Allah ya kiyaye, surukarsa ba za ta hau motar siminti ba. Gaskiyar magana, so yake dangi su ga motar, daga can kuma mu wuce bakin kogi ya yi zango na mako guda. Ya loda firji biyu, da tankin ruwa, da jarkokin mai, da tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku, har da itacen gashin nama, sai ka ce babu itace a yankinmu na Kunene. Dutsen ne ya shiga daga ƙarshe, can bakin ƙofar baya, wai don ya yi sauƙin saukewa. Maza huɗu suka ɗaga shi suna nishi. Motar ta durƙusa kamar raƙumi, fitilunta suna kallon sama.

Na ɗauka zai ji kunya, ashe da shirinsa. Makon jiya ya sa an ɗaura mata wasu jakunkunan roba guda biyu, ɗaya a kan kowane sifirin na baya, tsakaninsa da shasi, ƙarfen nan da yake shi ne ƙashin bayan mota. Ya jona ɗan injinsa na hura taya, ya yi ta ɗura musu iska, bayan motar yana tashi a hankali har ta miƙe. Ya ɗauko ma'aunin magina, mai 'yar kumfa a cikin gilashi, ya ɗora, kumfar ta tsaya cak a tsakiya. Ya ce, "Malama, zo ki karanta wannan, tunda karatu ne sana'arki."

Na kuwa karanta, amma ba kumfar ba. Na ɗauko ɗan littafin da ya zo cikin kwalin jakunkunan, wanda ya yar ko ledarsa bai yage ba. A shafi na biyu, da jan rubutu, an ce daidaita mota suke yi, ba sa ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko kilo ɗaya. Na karanta masa da babbar murya. Ya ce, "Shekara talatin kina gadin littattafai, kin taɓa ganin takarda ta ja mota?" Na ce, "A'a, Injiniya. Amma na ga inda ake rubuta sunayen waɗanda suka ƙi karanta ta. Irinsa ne muka loda a baya."

Injiniya fa, Yaya, mutumin da ya ƙare aikinsa yana buga hatimi a ofis.

Ni ban ɗauki komai ba sai akwatina da 'yan littattafan da na yi wa makarantar ƙauye alkawari. Gobe da sassafe za mu kama hanya. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ripuree

Palmwag, Laraba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fata jiki da sauƙi. Wani direban 'yan yawon buɗe ido zai gangara bakin teku gobe, shi zai jefa miki wannan a gidan waya.

Muddin muna kan kwalta babu abin da ya faru, Festus har waƙar coci yake yi. Daga Kamanjab tsakuwa ta fara, irin mai gargada da ke sa haƙoran mutum su yi ta haɗuwa. Muna hawan tsaunin Grootberg na ji wani sauti a baya, ƙas, kamar an taka busasshen ƙashi. Na ce ya tsaya. Ya ce tukwane ne. Yaya, na san kukan tukwanena.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Tsakanin kan motar da ɗakin baya akwai 'yar tazara daga sama. A Windhoek yatsuna biyu ne suke shiga. Jiya uku. Yau da yamma na sa tafin hannuna gaba ɗaya ya shige. Bayan motar ne yake rinjaya ƙasa, tana lanƙwasa daga tsakiya. Da na nuna masa, sai ya ɗauko injinsa ya ƙara wa jakunkunan iska, ya ɗora ma'auninsa, kumfa ta koma tsakiya, ya dube ni yana murmushi. Kamar mai zazzaɓi ne ya shafa hoda ya ce ya warke.

Kusa da gidan mai akwai wani dattijo mai facin taya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Uwar gida, me kuka ɗauko, giwa?" Na ce uwata ce. Ya cire hula. Sannan ya kai ni bayan rumfarsa ya nuna mini wata mota irin tamu, a karye daga tsakiya, kai ya kalli gabas, baya ya zauna a ƙasa, akuya tana kwance a inuwarta. Ya ce sifirin a wuri biyu yake riƙe da shasi, ya raba nauyi gaba da baya. Jakar iska kuwa wuri ɗaya take tokarewa. In aka cika ta tam, kaya masu nauyi kuma suna bayan taya, to duk ramin da aka faɗa, sanda ce ake karyawa a gwiwa. Ya ce, "Masu wannan ma da murmushi suka wuce ni."

Na kira Festus ya zo ya gani. Ya ƙi. Wai ba zai ɗauki darasi a wurin mai faci ba, motarsa sabuwa ce. Na ce, "Ita ma waccan ba da akuya aka sayar da ita ba." Bai yi dariya ba. Tun la'asar ba mu yi magana ba.

Gobe za mu bi hanyar Sesfontein, kin san kwazazzaban da ke cikinta. In motar nan ta karye a gangara, dutsen zai dagargaje, mu ma ban san yadda za ta kasance da mu ba. Shekara biyu Mama tana kwance babu suna a kanta. Ba zan tsaya gaban Kawu da dangi da saniyar da aka yanka in ce musu ga tsakuwa na kawo ba.

Taki,
Ripuree

Bakin wani busasshen rafi, Alhamis da azahar

Yaya,

Lafiyarmu ƙalau, ki kwantar da hankalinki kafin ki karanta sauran. Ina fata ke ma haka. Ban san wanda zai kai miki wannan ba, amma in ban rubuta ba zan fashe.

Da hantsi muka gangara cikin wannan rafin, Festus ya shigo da gudu don kada yashi ya riƙe mu. Muna fita muka daki gaɓa. Ƙarar da na ji ba ƙas ba ce, kamar an harba bindiga ce a ƙarƙashin kujerata. Wannan karon bai ce tukwane ba ne. Ya tsaya, ya fita, ya nufi ina? Wurin injinsa na iska!

Ban tsaya jayayya ba. Na zare makullin motar na jefa cikin rigata. Na kwanta a kan tsakuwa da shekaruna hamsin da bakwai, na ja jiki na shiga ƙarƙashi. Daf da inda jakar hagu ta tokare, fenti ya ɓare, ƙarfen ya tattare, ga tsaga siririya kamar gashi ta kai rabin faɗinsa. Na dama ma ya fara. Na fito, na cire fil ɗin ɗankwalina, na danna bawul ɗin jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Iska ta fita tana huci. Motar ta yi ta sauka har ta zauna a kan gindinta, kamar yadda na gan ta ran Litinin.

Ya ce, "Ripuree, kin haukace?" Na ce, "Ga motarka nan, Injiniya, ba kwalliya. Gaishe ta, yau kuka fara haɗuwa. Shiga ka duba, ko in karanta maka?" Ya shiga. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, fuskarsa ta yi toka-toka, ya zauna a kan dutse, ya ce a hankali, "Mu sauke dutsen a nan, mu je mu nemo babbar mota." Na ce babbar mota sai Talata, biki kuwa jibi ne. Na ce in akwai abin da zai kwana a rafin nan, to ba uwata ba ce.

Muka fara sauke kaya. Itace ya fita, firji babba ya fita, tukwane, kujeru, teburi, jarkoki biyu. Muka zubar da rabin tankin ruwa. Ina jifa ina faɗa, duk abin da na tara a ciki tun Windhoek sai da na amayar masa. Shi kuwa ya ci gaba da sauke kaya.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba. Da ya ɗaga katifar baya, sai ya tarar da kwalaye. Ya gwada ɗaga ɗaya, ya kasa da hannu guda. Ya ce, "Waɗannan fa?" Yaya, 'yan littattafan da na ce miki, kwali shida ne. Akwai ƙamus-ƙamus, akwai manyan kundaye masu bangon katako da ɗakin karatunmu ya sallama. Ran Litinin, da ya fita sayen nama, na sa masu gadi suka cusa su can ƙarshen baya, gefen dutsen, na ce masa barguna ne na baƙi. Sun kusa nauyin dutsen kansa. Ni da na karanta jan rubutun da babbar murya, ban lissafa su cikin kaya ba, don a wurina littafi ba kaya ba ne.

Na jira ya rama. Da ni ce, da na yi wa'azi har rana ta faɗi. Sai kawai ya ce, "Malama, ashe takarda tana karya mota." Ya sunkuya ya ci gaba da aiki. Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Wasu maza biyu masu amalanken jakuna sun tsaya. Mun cire kujerar baya, mun shimfiɗa katifa, da katako biyu da igiya muka zame dutsen a hankali zuwa tsakiyar motar, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sau ɗaya ya kusa kuɓucewa, Festus ya tare da cinyarsa, yanzu yana ɗingishi. Kayansa da littattafaina suna tafiya a amalanke zuwa gidan wata mata a bayan tudu, ta ce za ta ajiye. Na bi kwalayen da kallo har suka ɓace.

Yanzu yana ɗaure ƙarfen ɓare taya a jikin tsagar da waya. Saura kilomita tamanin da rafuka biyar. Makullin yana wurina har yanzu.

Ƙanwarki mai laifi,
Ripuree

Gida, Lahadi

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da gaisuwar dukan dangi. Kowa ya tambayi jikinki, Kawu ya ce a faɗa miki an ajiye miki kilishin saniyar.

Mun iso. Kafin mu tashi daga rafin nan, Festus ya miƙo hannu, na ɗauka makulli yake so. Sai ya ce, "Ba ni littafin jakunkunan. Da tabarau ɗinki." Ya tsaya cikin rana da tabarau na mata a hancinsa, yana bin layi da yatsa, ya sa wa jakunkunan 'yar iskar da aka rubuta, ba ƙari. Sannan na ba shi makulli.

Tafiyar hawainiya muka yi. Jaki ya wuce mu, ba wasa nake ba. Kowane rafi sai in sauka in shiga gaba da ƙafa ina nuna masa inda zai taka, in mun haye in kwanta in duba tsagar. Na sa mata alama da jan-baki. A rafi na huɗu ta wuce alamar da faɗin farce. Na fito ban faɗa masa ba, ya dubi fuskata bai tambaya ba. Hannuna ɗaya yana baya a kan dutsen duk tsawon hanya, ina ce mata, Mama, yi haƙuri, saura kaɗan. Mun kwana a hanya, muka shigo ran Juma'a rana tsaka. Magini har ya fara tattara kayansa.

Jiya da safe aka yi addu'a, Kawu ya yaye farin mayafin. Ko ƙwarzane babu, Yaya. Simintin gindinsa bai gama bushewa ba, amma yana tsaye. Na sa yatsa a kan sunanki na ce mata kin aiko da gaisuwa. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun Windhoek.

Da ake cin nama, Kawu ya dafa motar ya ce, "Suruki, wannan doki naka ya yi ƙoƙari." Na zuba ido in ji. Festus ya ce, "Kawu, 'yarku ce ta kawo dutsen nan. Ni kusan fasa shi na yi." Bai ambaci kwalaye ba. Har yanzu bai faɗa wa kowa ba, ke ma ki riƙe bakinki.

Motar tana ƙarƙashin bishiya, sai mai walda ya zo daga Opuwo. Zangon bakin kogi ya fasu. Ran Talata babbar motar siminti za ta biya ta ɗauko kayanmu, na roƙi direban ya sa littattafan a gaba, kusa da shi. Tabarauna kuma har yau suna wurin Festus, ya kai shafi na tara a littafin jakunkunan. Shi ya sa kika ga rubutun nan yana hawa yana sauka.

Ki huta sosai, ki sha maganinki. Allah ya tashi kafaɗarki.

Ƙanwarki har kullum,
Ripuree