Birkin Hannun Motarka

Yaya, saura kaɗan in fasa rubuta wannan, kunya nake ji. Jiya motarka ta sake gangarowa wajen da yara ke wasa. Baba ya buɗe birkin hannun, amma hannunsa ya ƙi shiga. Ya miƙo mini sifana ya ce, "Auta, naki siriri ne, ɗaure notin nan a hankali." Na ɗaure shi. Ikon Allah, wai ɗan notin nan ke riƙe mota sukutum!

Kada ka finciko birkin har sama kamar da, yanzu da wuri yake kamawa.

Da safen nan na cire dutsen bayan taya, na tura ta iya ƙarfina. Ko gezau ba ta yi ba.