Libarbar Baba

Litinin, 7 ga Oktoba

An kawo kayan Baba daga Fakku. Riga biyu, buta, da libarbarsa, ƙaramar bindigar nan, naɗe cikin tsumma. Kakanmu ya zo da ita daga Bama, a yaƙin duniya na biyu, tun ina yarinya Baba ke shafa mata man gyaɗa duk Juma'a. A gona aka tsince ta kusa da gawarsa, ɓarayin dajin da suka kashe shi ko ɗauka ba su yi ba. Mata na ta kuka a tsakar gida. Ni na tsince shinkafa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Gaisuwa, gaisuwa. Bakina ya iya amsawa shi kaɗai.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ƙanena Mudassir ya buɗe bindigar a gabana. Harsasai shida, sun yi kore saboda tsufa, kowanne da ɗan rami a gindinsa. Ya ce, "Yaya, sau shidda Baba yaj ja kunamar bindigar. Ko guda bai tashi ba." Na ce to.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Mudassir ya kai wa Ɗangiwa maƙeri harsasan. Wai ba a yin irin wannan harsashin yanzu, amma zai ɗura wa kwanson sabon albarushi. Mudassir ya ce da an gama zai bi 'yan sa-kai dajin Kebbe. Mutumin da ko kaza sai an yanka masa. Inna ta ce in yi masa magana, ni ce babba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ɗangiwa ya gama. An gwada ɗaya a bayan gari, ya tashi. Na ji ƙarar ina wanki, sabulu ya suɓuce mini. Gobe da hantsi za su tafi.

Talata, 22 ga Oktoba

Mudassir yana masallaci na zare bindigar daga jakarsa na jefa a masai, har da harsasan. Ban yi wani tunani ba, ƙafata ce kawai ta kai ni. Ya dawo ya yi ta faɗa, ya ce na zubar da Baba, ba ni ba shi har abada. Motar 'yan sa-kai ta gaji da jira ta wuce. Yanzu yana zaure, ya juya wa gidan baya, ina hango ƙeyarsa daga madafi. Na aika masa tuwo, ya maido. Ni na cinye, kuma miyar gishiri ya yi mata yawa.