Hanyar Bayan Gareji

Litinin, 3 ga Maris

An sallamo Mama daga asibiti yau. Kwana uku ke nan da aka yi mata aikin rage tumbi, don ƙibarta ta sauka. Na ɗauka zan ga dogon ɗinki, ashe 'yan huji biyar ne a cikinta, kowanne da filasta. Sai da ta kama ƙofar mota da hannu biyu kafin ta iya fitowa. Tana ganina ta ce, "Uwata, kin ci abinci?" Ita da ko ruwa da ƙyar yake wuce mata.

Anti, ƙanwar Mama, za ta zauna da mu sati biyu, tunda Baba yana hanya da babbar mota sai ƙarshen wata. Ta manna takardar likita a jikin firij. Ni aka ba aikin ruwa: ɗan kofin magani ɗaya duk bayan minti goma sha biyar, a kurɓa a hankali. Na ajiye agogo kusa da ni.

Laraba, 5 ga Maris

Kafaɗar Mama ta hagu ce ke ciwo, har ta fi cikin. Na tsorata, na ce ko sun taɓa wani wuri ne bisa kuskure. Anti ta kira nas a waya, aka ce iskar da aka hura mata a ciki lokacin aiki ce, za ta fita in tana takawa.

Anti ta ce, "Yaya, ke komai naki daban ne. An yanka ciki, kafaɗa ta karɓi kuka."

Mama ta fara dariya, sai ta danne cikinta da filo ta ce, "Don Allah ki bari, za ki kashe ni." Hawaye ya fito mata. Ban san ko na dariyar ne ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Mama ta yi atishawa yau ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta ɗauka ina makaranta.

Asabar, 8 ga Maris

A tsaye nake cin abinci yanzu, a kicin, da ƙofa a rufe don kada ƙanshi ya kai mata. Da a faranti ɗaya muke ci, tana turo mini nama gefena tana yi kamar ba ta sani ba. Yanzu nata ruwan romo ne da aka tace, cokali huɗu ta ce ta ƙoshi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bari in rubuta ko zai sauka daga ƙirjina.

Ranar karɓar sakamakon zangon farko, Mama ta rufe shagon ɗinkinta ta zo makarantarmu. Sabuwar makaranta ce, ban yi ƙawaye ba tukuna. Aka ba ta kujerar roba mai hannu, ta zauna, da ta tashi sai kujerar ta biyo ta. 'Yan ajinmu suna leƙe ta taga. Wata da ake kira Mai Gilashi ta kumbura kumatu tana kwaikwayon tafiyarta. A hanyar gida na ce, "Mama, ki daina zuwa makarantarmu, ki riƙa turo Anti."

Ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta ce. Bayan wata ɗaya ta fara zuwa ganin likitan da ya yi mata aikin nan.

Litinin, 10 ga Maris

Laifina ne yau. Mama ta ce ƙishi ya dame ta, ɗan kofin nan wasa ne. Na ji tausayinta na miƙa mata babban kofi. Ta yi kurɓa uku manya kamar yadda ta saba. Nan take ta dafe ƙirji, ta kasa magana, gumi ya keto mata. Anti ta shigo da gudu tana faɗa: "Ke ba ki iya karatu ba ne? Ga takarda can a firij!" Mama ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Ni na sa ta."

Ko a wannan halin ma ni take karewa.

Alhamis, 13 ga Maris

Mama da Anti sun je asibiti an duba ɗinkin. Nas ta ce zagayen falo bai isa ba, sai ta fita waje ta taka sosai, safe da yamma, shi ne zai rage ciwon. Anti za ta yi na safe, ni na yamma in na dawo daga makaranta. Gabana ya faɗi, kuma na ji haushin kaina da ya faɗi.

Asabar, 15 ga Maris

Mun fara fita. Daga ƙofarmu hanya biyu ce. Ta gaba shimfiɗaɗɗiya ce, ta wuce shagon kwana inda 'yan makaranta ke taruwa da yamma suna sayen alawa da biro. Ta baya kuma tana bi ta bayan garejin makanikai, duk duwatsu da baƙin mai, ga kwata da sai an tsallaka. Mama ta juya ta baya da kanta.

Tana riƙe da hannuna, ɗayan hannun a kan cikinta. Duk taku goma sai ta tsaya ta ce tana kallon wani abu. Babu abin kallo a wurin sai tsoffin tayoyi.

Talata, 18 ga Maris

Anti ta koma gidanta jiya.

Yau wajen tsallake kwatar ƙafar Mama ta zame. Ba ta faɗi ba, amma ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta jingina da bangon gareji ta rufe ido. Wani dattijon makanike ya kawo mata benci ya ce, "Hajiya, ina ke ina wannan hanya? Ga titi can lafiya lau."

Da muka dawo na ce, "Mama, me ya sa ba ma bin ta gaba?"

Tana cire takalmi, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ai ƙawayenki suna zama a shagon kwana."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji kukana.

Laraba, 19 ga Maris

Na tambaye ta. Ina shafa mata man zafi a kafaɗa, tana ba ni baya, shi ya sa na iya.

Na ce, "Saboda abin da na faɗa ne kika yi aikin?"

Ta ce gwiwoyinta sun gaji, sukarinta ya hau, likita ya shekara biyu yana mata magana tana ƙi saboda tsoron wuƙa. Na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce, "Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Uwata. Ranar ce na daina tsoro."

Na so ta zage ni. Na so in ce ta yafe mini. Na ci gaba da shafa man har ta ce ya isa.

Lahadi, 23 ga Maris

An ba ta izinin cin dafaffen ƙwai, rabi. Ta tauna shi kusan minti ashirin, ta amayar.

Rigunanta sun fara yi mata yawa. Ta ce in ta warke za ta hau keken ɗinki ta rage su duka. Kowa ya zo dubiya sai ya ce ta yi kyau. Ni dai na ɗora kaina a cinyarta ɗazu, a hankali, na ji ƙashi. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son a rage mini Mama. To, wa ma zai tambaye ni, ni da na fara.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau da muka fito ta juya za ta bi bayan gareji, ni kuma na tsaya. Hannunta yana cikin nawa, dole ta tsaya. Na ce duwatsun suna huda mini silifa.

Ta kalli silifan, ta kalle ni. Ta ce, "'Yan ajinku suna nan fa."

Muka bi ta gaba. Suna nan kuwa, su biyar, har da Mai Gilashi a kan dakali. Kunnuwana suka yi zafi, ban ga komai sosai ba. Daidai shagon ciwon ya taso mata, ta tsaya ta dafe ciki, muka yi tsaye a gabansu ban san minti nawa ba. Wata ta yi ƙus-ƙus. Mama ta so ta zare hannunta, wai za ta gyara mayafi. Ban saki ba.

Muka dawo gida. Ta sha ruwanta kofi biyu, ta ce ciwon yau da sauƙi. Titin ya fi laushi ne kawai, shi ya sa. Gobe da safe zan shiga aji, ban san me za su ce ba. Ƙarfe biyar dai za mu fita.