Saura Dama Ɗaya a Wayar Mamanku

Zuwa ga 'yata Shalele,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da baƙon da ke tafe. Allah ya sassauta miki nauyin nan, ya raba ku lafiya, ya ba mu mai albarka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki aji huɗu ya yi ya fita ta taga, inda duk kika ga layi ya karkace ki ɗauka kwana na sha. Yayanki ne zai ɗauki hoton takardar ya tura miki. Ya ce in bari ya faɗa miki da baki, na ce a'a, gara ki ji daga wurin mai laifin kafin a zuba wa labarin gishiri.

Labarin gida dai babu wani sabo mai tayar da hankali. An mayar da yayanki reshen wurin aikinsu na can ƙarshen gari, yanzu ranar hutunsa kaɗai muke ganinsa, ya zo ya cinye abin da ke tukunya ya yi mana wa'azin rage gishiri ya tafi. Auta ta gama jarrabawa, ta koma wurin gwaggonki tana koyon ɗinki kafin sakamako ya fito, ta ɗinka mini wando wanda ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya, kuma ina sa shi don kada in karya mata gwiwa. An cire wa gwaggonki haƙorin nan da ya dame ta, maganarta ba ta ragu ba. Mamanku kuwa jiki da sauƙi, sai gwiwar nan ta dama. Likita ya ce ta yi tafiya a tsakar gida yadda take so, amma hawa bene ya hana ta ƙememe, don in ta sake zamewa sai an yi mata aiki. Kunnen ma kin san yadda ya zama, abin da take son ji kaɗai ke shiga.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da aka gama dogon ginin nan na bayanmu, sabis ɗin layinmu na da ya ƙaurace wa ɗakunan ƙasa. A ɗakin Mamanku babu ko sanda ɗaya, a tsakar gida ya leƙo ya koma, sai can saman bene kusa da tankin ruwa yake tsayawa. Ke kanki shaida ce kan yadda muke yi: in hau sama da wayarta, ki yi magana, in leƙo ta matakala in kwarara mata, ta kwararo amsa, in miƙa miki. Na yi shekaru ina jigilar kaya a babbar mota, ban san da jigilar magana zan ƙare ba. Duk layinmu sun san halin da kike ciki, har tela maƙwabcinmu ya tare ni yana tambayar ko kumburin ƙafarki ya saɓe. Mamanku kuma ta ce ina sauke rabin kayan a hanya. Ba ta yi ƙarya ba. In ta jero miki gargaɗi tun daga kwanciya ta gefen hagu har zuwa ɗaga bokiti, ni abin da nake isarwa shi ne ki kula da kanki, don ƙirjina ba na matashi ba ne.

Ranar da yayanki ya zo kuka yi kiran nan na ganin fuska da wayarsa, a nan muka gane cewa layin ɗayan kamfanin yana cika taf a ɗakinta, har kan gado. Bayan kin kashe, Mamanku ta ce ashe kin yi kumatu, kuma in tana kallon bakinki duk abin da kika faɗa tana ji. Nan take na yanke cewa za mu sauya layi. Washegari na sa hulata na je na sayo sabon sim, aka ɗauki hotona, na fito kamar wanda ake nema ruwa a jallo. Na dawo na ari ɗan kunnenta na zunguro tsohon sim ɗin, na sa sabon, na kunna. Wayar ta yi haske, ta rubuto turanci layi biyu, ta buɗe wani ɗan akwati tana neman lamba.

Kin san gidanmu lamba ɗaya gare mu, ta jikin motata ta fari. Ba zan rubuta ta a nan ba, ko cikin barci aka tashe ki kin san ta. Ita ce a kwaɗon sito, ita ce a akwatin Mamanku, ita ce a katin banki, kuma tunda nake ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na danna ta, waya ta ƙi. Na ce babban yatsana ne ya yi kauri, na sake da ƙaramin. Na juya ta daga baya zuwa gaba. Mamanku, wadda yanzu take cewa babu hannunta a ciki, ta ce in gwada shekarar haihuwarki tunda ke kika sayi wayar, daga nan ta yayanki, daga nan lambar ƙofar gida. A ƙasan akwatin akwai wata 'yar lamba da nake gani tana raguwa duk lokacin da na danna. Ni tsohon direba, a duniyata in lamba tana sauka a jikin danja, hannu za a ba ka. Saboda haka ina ganin tana raguwa ina murna, da ta kai ɗaya har na ce wa Mamanku ta gyara ɗankwali, yanzu za ki fito. Allah ya taimake mu tela ya shigo aron guduma. Ya leƙa ta kafaɗata, ya kama hannuna kamar wanda zai taɓa wuta, ya ce abin da aka rubuta shi ne saura mini dama ɗaya.

Na naɗe wayar a hankici na kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa, wanda shagonsa bai fi ɗakin wankanmu ba, ga fitila a goshinsa, ga gawarwakin wayoyi cike da kwali a ƙarƙashin tebur. Da na faɗa masa lambobin da na gwada sai da ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi dariya ta ishe shi, ni ma na taya shi tunda babu yadda zan yi. Ya ce wayar ɗaure take da kamfanin da aka saye ta a wurinsu, kamar motar da aka ba direba da sharaɗin kayan gida ɗaya zai riƙa ɗauka. Lambar da take nema ba wadda mutum ke zaɓa ba ce, doguwa ce, kowace waya da tata, kuma a hannun kamfanin take. Ya ce da na ƙara kuskure ɗaya, tana iya kullewa yadda ko lambar gaskiyar aka kawo sai an sha wahala. Ya ce yana iya gwada fasa ta da kwamfuta, amma ba zai rantse mini cewa abin da ke ciki zai tsira ba. Na ce ya bar ta. Kin tuna kafin ki tafi kin jera mata fuskokinku a gaban wayar, taki a sama, don ta riƙa taɓa fuska maimakon karatu. Da wannan, da hotunan bikinki, da saƙonninki na murya, in ɗaya ya ɓata ni da kwana a ɗaki sai dai labari.

Kada ki ce a sayi wata, yayanki ya riga ya faɗa ya sha amsa. Mamanku ta ce da shekarunta ba za ta koyi sabuwar hanya ba, kuma wadda hannunki ya shirya take so. Ƙaramar wayata mai madannai ta karɓi sabon sim ɗin ba gardama, amma ba ta nuna fuska, kuma Mamanku ta ce muryarki a ciki kamar sauro a gwangwani.

Daga nan na wuce ofishin tsohon kamfanin. Aka ba ni 'yar takarda mai lamba, na zauna cikin sanyin na'ura har ƙafata ta mutu. Yarinyar da ke kan tebur mai ladabi ce, da Baba ta riƙa kirana. Ta duba ta ce wayar da sunanki aka saye ta kan biya kaɗan-kaɗan, kin gama biya tuntuni, saboda haka babu abin da zai hana a buɗe ta, kuma kyauta ne. Sai dai mai sunan ce kaɗai za ta nema. Na ce ai ni na haife ki, na nuna mata hotonki na ce ta dubi hancin ta dubi nawa. Ta duba kuwa, ta yarda hancin ɗaya ne, ta ce amma kwamfutarsu ba ta da wurin da ake sa hanci. Na ce to ni na raɗa miki sunan da suke taƙama da shi, ta ce Allah ya saka da alheri, ta kira na bayana.

Ga abin da ta ce ki yi. Ki shiga shafin kamfanin da asusunki na da, ko ki kira su daga can, ki ce kina son a buɗe wayar ta karɓi kowane layi. Za su nemi hoton katin shaidarki da doguwar lambar jikin wayar. Na kwafe miki ita a bayan takardar nan, yayanki ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya ce daidai take, abin ya ba shi mamaki. Za su aiko miki lambar buɗewar ta imel, amma ta ce yakan ɗauki kwanaki, ba ranar da aka nema ake samu ba. In ta zo ki tura wa yayanki a rubuce, kada ki karanto mini ita ta saman bene. An yi taron gida an cire ni daga aikin dannawa, ni ma na ɗaga hannu na goyi baya. Kafin nan mun mayar da tsohon sim ɗin, ki ci gaba da kira yadda kika saba.

Da na so in tsaya nan, don Mamanku ta ce in na faɗa miki sauran ba ni ba ita. Amma kin san ban iya riƙe magana ba, kuma wannan ya kamata ki sani. Shekaranjiya da hantsi na fita aski. Da na dawo na yi sallama shiru, ɗakinta babu kowa, sandarta jingine a gindin matakala. Na ɗaga kai na gan ta zaune a tsakiyar hawa. Ba da ƙafa ta hau ba, zama ta yi ta juya baya, tana dafawa da hannu tana ɗaga jiki daga taki zuwa taki, wayar ɗaure a bakin zaninta. Da ta kai tsakiya gwiwar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na buɗe baki zan fara faɗa, ta ɗaga mini hannu. Ashe a daidai wurin sanda ɗaya ta shigo, saƙonki na murya na ranar ya sauka, wanda kike cewa likita ya duba ya ce kan yaron ya juya ƙasa. Ta manna wayar a kunnen da ya fi ji, in ya ƙare ta sake taɓawa. Na zauna a takin da ke ƙasa da ita har ta gaji don kanta. Sai da na kira tela da ɗan'uwansa muka sauko da ita a kan kujera, tana yi mana faɗan muna karkata ta. Gwiwar ta kumbura, mun sa ƙanƙara, yau ta fara saɓewa.

Abin da ke damuna shi ne yanzu ta san inda sabis yake, kuma ta san tana iya kaiwa. Ta faɗa mini a fili cewa ranar da aka ce kin shiga ɗakin haihuwa, daga ni har likitan babu wanda zai hana ta hawa, ba za ta ji labarin jikanta daga bakin mai rage kaya a hanya ba. Na san matata, abin da ta faɗa za ta yi. Tun ranar na daina zuwa majalisa, na ɗauko tabarma da rediyo na tare a gindin matakala. In za ta wuce ta harare ni, in ce mata iska nake sha. Amma ni ma mutum ne, dole in je masallaci, dole in shiga wanka. Saboda haka, Shalele, ki nemi lambar nan yau, kafin ki haɗa jakar asibiti. Ina so ranar ta same ta a kan gadonta, da ƙafarta a kan matashi, tana kallon fuskarki.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa na gode da haƙurin da yake yi da ke, na san daga inda kika gado rigima. Ki gaishe da surukarki da ta zo zama da ke, Allah ya biya ta. Yayanki da matarsa suna gaishe ki, haka gwaggonki da kawunki. Auta ta ce ta fara ɗinka wa jariri riga, ki shirya yi mata godiya ko yaya ta fito. Tela ma ya ce a gaishe ki. Mamanku tana gaishe ki, tana nan tana leƙowa ta taga tana tambayar me nake rubutawa haka da tsawo, na ce mata lamba ce kawai.

Allah ya sauke ki lafiya. Wassalam.

Ni ne ubanki,
mai gadin matakala.