Jimlar Shafi na Arba'in

Calgary, 4 ga Nuwamba

Mijina Orest,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikin bututu a can arewa. Yaya gwiwar nan taka? Na san ba ka shafa maganin, kada ma ka soma yi mini rantsuwa.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Tsoron waya nake yi kada a gano ni, domin na yi alkawari a rubuce ba zan fitar da maganar kamfani ba.

Ka san na'urar da muke ƙerawa don masu aiki su kaɗai a daji, wadda nake rubuta littafin bayaninta. Kwana huɗu ke nan muna ja-in-ja a kan jimla ɗaya da ke shafi na arba'in. Desmond, injiniyan manhajar, ya rubuta cewa idan mutum ya faɗi, na'urar tana sanar da ofis, sai fitilarta ta yi kore. Ni kuwa na sauka da ita ɗakin ƙasa inda babu sabis, na yar da ita ƙasa. Ta gwada sau uku, ta haƙura, fitilar ta yi kore abinta. Ba wanda ya ji komai a ofis.

Na ce a rubuta cewa ƙoƙarin sanarwa take yi, kuma kore ba ya nufin an ji ka. Desmond ya kwashe da dariya: "Haba sarauniyar ƙa'ida, wa ke kaiwa shafi na arba'in? Ni da na haifi abar ban kai ba." Wai ba ƙarya ya rubuta ba, tunda a gari haka take yi. Sai ka ce 'yan gari ne za su ɗaura ta.

Littafi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, nawa ake jira.

Ka kula mini da kanka.

Matarka,
Halyna

Calgary, 12 ga Nuwamba

Orest nawa,

Ina gaishe ka, Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Na sa hannu. Shugabarmu Lorraine ta rufe ƙofa ta ce, "Halyna, gyara na zuwa a Maris. Kada ki razana mana masu saye saboda jimla ɗaya." Na ji tsoron kora, na sa. Ina jin kunyar gaya maka.

Yau da safe na ga jerin waɗanda aka aika wa kaya. Kamfaninku ne na uku, na'ura sittin. A ƙasa an rubuta cewa da isarsu za a daina kiran oba-oba da kuke yi duk bayan awa biyu don a san kuna lafiya, tunda littafi ya ce na'urar tana sanarwa.

Don Allah kada ka yarda a karɓe maka oba-oba. Idan ka faɗi ka ga kore, ka ɗauka ba wanda ya sani. Ka karanta wa kowa wannan a wurin cin abinci, har da sunana, in kamfaninmu ya ga dama ya kore ni.

Na ajiye tsoron waya na kira ka sau tara, ba ta shiga, babu sabis inda kake. Takarda kwana shida take yi kafin ta iso sansaninku. Na'urorin sun tashi tun shekaranjiya.

Ka huta lafiya, ka dawo mini.

Matarka,
Halyna